Rigar ɗari: matsattsiya ko yalwatacciya?

 Gero ya shiga rumbu, an ɗaure harawa, aikin garka ya kankama. Daga Baleyara zuwa Bonkuku, duk inda ka duba cikin Dallol Boso, sai shingen garka da bakin rijiya. A ƙasar Imanan ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Shi ya sa noman rani ya zauna da gindinsa, tun ba dankalin turawa ba, wanda ake lodinsa zuwa kasuwannin Yamai. Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garka ta zama rumbu na biyu ga talaka.

Dankali yana son sanyi. Mai dankali kuwa ba ya so. A watannin Disamba da Janairu, da rana zafi yakan kai digiri 30, amma kafin asuba yakan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Ga iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, da ƙura da hazo. A wannan lokaci ne manomi yake fita ban ruwa, mace take fita rijiya, yaro yake kora awaki.

Wani dare na ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci kusa da Bonkuku. Na tarar ana gardama kafin a fara karatu. Wani saurayi ya sayo rigar sanyi a wajen ƴan gwanjo. Ta matse shi ƙwarai, da ƙyar maɓalli ya shiga. Wani dattijo kuma yana zaune cikin babbar riga, ya tattara ta a kafaɗa. Saurayin ya ce: "Baba, riga in ba ta kama jiki ba, ai sanyi ne zai shiga." Dattijon ya ce: "Yaro, yadi goma ya fi yadi biyu. Wanda ya fi yadi, shi ya fi ɗumi."

Suka juyo gare ni, suka ce: "Malam, raba mana gardama." Na duba su. Dukansu biyu suna rawar ɗari. Na ce musu kowa yana da rabin gaskiya. Amsar da na ba su a daren nan, ita ce na kawo muku a wannan shafi.

Riga ba ta da wuta

Mu fara da gwaji. Ɗauki dutse da yamma, ka naɗe shi cikin bargo. Da safe ka buɗe. Za ka tarar da shi da sanyi, kamar yadda ka sa shi. Yanzu naɗe kwanon tuwo mai zafi cikin wannan bargo. Bayan awa biyu, tuwo yana nan da ɗuminsa. Mai sayar da ƙanƙara ma cikin buhu yake naɗe ta, don kada ta narke. Ashe bargo ba ya ba da zafi. Aikinsa tsarewa ne kawai.

Murhun yana cikin jikinmu. Abincin da muka ci, shi ne itacen. Jikin mai lafiya yana riƙe zafinsa wajen digiri 37, dare da rana. Jini ne yake raba wannan zafi, daga ƙirji da ciki har yatsun ƙafa. Zafin kuma kullum neman hanyar fita yake yi ta fata. Aikin tufa shi ne ta rage masa gudu.

To, mene ne cikin tufa yake tsare zafi? Ba zaren ba ne kaɗai. Iskar da ta maƙale tsakanin zare da zare, da tsakanin riga da riga, ita ce mai gadin. Zafi ba ya ratsa iskar da take tsaye wuri ɗaya da sauƙi. Amma da zarar iskar ta motsa, sai ta kwashe zafin ta tafi da shi.

Kowa ya san wannan, ko da bai taɓa ba shi suna ba. Dubi kaza da sanyin safiya. Takan kumbura gashinta, ta zama kamar ƙwarya. Ba girma ta ƙara ba, iska ta tara cikin gashi. Dubi audugar da aka shiɓe, yadda take tashi, ga ɗumi. In aka danne ta shekara da shekaru cikin katifa, sai ta kwanta, ɗumin ya ragu. Dubi ɗakin ciyawa da ɗakin kwano. Jinka tana cike da ƴan ramukan iska, shi ya sa ba ta ɗaukar zafin rana, ba ta ɗaukar sanyin dare. Kwano kuwa da rana tanda ne, da dare randa.

In riga ta matse

Matsattsiyar riga tana da laifi biyu. Na farko, ta kori iskar da ya kamata ta zauna tsakaninta da jiki. In rigar mai laushi ce, ko saƙaƙƙiya, jan da aka yi mata yakan sa ta yi siriri, idanun saƙar su buɗe. Kauri ya tafi, ɗumi ya bi shi. Haka kuma in ka sa riga mai auduga a ciki, ka ɗora ƙaramar kwat a kanta ta danne ta, ka ɓata su duka biyu.

Laifi na biyu ya fi muni. Matsi yana tare jini. Mun ce jini ne yake kai zafi ga hannu da ƙafa. Da ma in sanyi ya kama mutum, jiki da kansa yakan rage jinin da yake aikawa can, don ya tsare zuciya da huhu. In aka ƙara da robar safa mai shiga nama, ko bakin hannun riga mai shaƙe wuyan hannu, sai yatsu su ƙara sandarewa. Na sha ganin wanda ya sa safa biyu ko uku, ya cusa ƙafa cikin takalmin da da ma ya yi masa kaɗan. Ƙafarsa ta fi ta mai safa ɗaya sanyi. In yatsunka ba su iya motsi cikin takalmi, cire safa ɗaya. In ka tuɓe safa ka ga ta bar zane mai zurfi a ƙwauri, ta yi maka kaɗan.

Ga kuma aiki. Mai jan guga yana bukatar kafaɗa sake. Matsattsiyar riga, da ka sunkuya sai ta ɗage, ta bar tsatso a waje. Nan kuwa iska take fara duka.

In riga ta yi yawa

Yanzu mu koma kan dattijo da babbar rigarsa. Babbar riga ado ce, mutunci ce, kuma hikima ce ta magabata. Amma an yi ta ne don zafi. Gefenta a buɗe yake, wuyanta da faɗi. Iskar da jiki ya ɗumama ba ta da nauyi, sama take yi, kamar hayaƙi. Sai ta fita ta wuya, sabuwa mai sanyi ta shigo ta ƙasa. In mutum yana tafiya, rigar tana buɗewa tana rufewa kamar zuga-zugin maƙeri. Kowane taku, tana fitar da iska mai ɗumi, tana zuƙo mai sanyi.

Masana sun auna wannan. A shekarar 1980, wasu masu bincike sun buga sakamakon gwajin da suka yi a hamadar Negeb, a Gabas ta Tsakiya. Sun so su san dalilin da ya sa Larabawan ƙauye suke sa baƙar riga cikin zafin rana. Suka tarar baƙar riga ta fi farar ɗaukar zafi a waje, amma zafin da yake isa jikin mutum ɗaya ne. Dalili kuwa, rigar yalwatacciya ce, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinta tana kwashe zafin. Wannan alheri ne a watan Afrilu. A watan Janairu kuwa, zafin da kake so ka ajiye, shi take kwashewa.

Haka rigar gwanjo mai girman gaske take yi. Yawancin waɗannan kaya daga Turai da Amurka suke zuwa, an ɗinka su daidai jikin wasu. Za ka ga yaro ɗan shekara bakwai cikin kwat ɗin babban mutum. Wuya ya sauka har ƙirji, hannu yana reto. Uwa ta ga kauri, hankalinta ya kwanta. Amma ɗan jikin yaro ba zai iya ɗumama duk wannan iska ba, balle ma ba ta zama wuri ɗaya.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Abin da ake so shi ne riga mai sarari a ciki, mai rufaffiyar ƙofa. Ƙofofin riga huɗu ne: wuya, bakin hannu, ƙugu, da ƙafar wando. A rufe su, amma kada a shaƙe su.

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Tsakanin kowace biyu akwai iska a kwance. Ta ciki ta kwanta a jiki, ba matsi, kamar singileti ko shimi, a cusa ta cikin wando ko zane. Ta tsakiya ta zama mai laushi, ta ɗan fi ta ciki girma. Ta waje ta fi su duka girma, kuma ta zama mai ƙaramin ido, wadda iska ba ta ratsawa. In kana so ka gane ta, kara yadin a bakinka ka hura. In ka ji iska a tafin hannunka ta baya, hunturu ma zai wuce.

Riguna uku suna da wani amfani. Sanyinmu na safe ne. Kafin hantsi ya ɗaga, rana ta yi zafi. Mai riga uku sai ya tuɓe ɗaya, can ya tuɓe ta biyu. Mai ƙatuwar kwat ɗaya kuwa, ko ya yi gumi a ciki, ko ya tuɓe ya sha iska.

Wanda ba shi da kuɗin sabuwar riga, kada ya damu. Gyara ya fi saye araha. Mai babbar riga ya sa taguwa mai dogon hannu a ciki, ya tattara rigar ya yi ɗamara a ƙugu. Ɗamara ita ce take kashe zuga-zugin nan. Ƙatuwar rigar yaro, a kai wa tela ya rage wuya, ya sa zariya a ƙasa, a naɗe hannu. Mace ta ja mayafi ta rufe wuya da ƙirji, ta soke bakinsa, maimakon ta bar shi yana kaɗawa.

A nan Buzayen Imanan sun riga mu gaba. Rawani da amawali suna rufe kai, da kunne, da wuya, da baki da hanci. Naɗi bisa naɗi, kowane da iskarsa a ciki, ga shi yana tare ƙura. Ban san wata hular sanyi ta kanti da ta fi shi ba. Wajen kwanciya ma haka ne. Gwado ko tera-tera, a cusa bakinsa ƙarƙashin jiki. Kuma a tuna da ƙasa: nauyin mutum yana danne abin da ya kwanta a kai, ƙasa kuma tana shan zafi. Tabarma biyu, ko buhu ƙarƙashin tabarma, sun fi ƙarin mayafi a sama.

Mai tafiya kasuwa da asuba bisa amalanke, ko a bayan mota, iska ce babbar abokiyar gabarsa. Ya shimfiɗa takarda a ƙirji, tsakanin riga da riga. Wannan jarida ma za ta yi, amma don Allah a gama karanta ta tukuna.

Jiƙaƙƙiyar riga ba riga ba ce

Wannan magana ta masu garka ce. Ruwa ya fi iska jan zafi fiye da sau 20. In riga ta jiƙe, ruwa ya cike gurbin iska, mai gadi ya tashi. Sa'an nan ruwan yana bushewa yana ƙara sanyaya jiki, kamar yadda randa take sanyaya ruwanta. Hunturu busasshiyar iska ce, tana gaggauta wannan bushewa.

Mai ban ruwa ya naɗe ƙafar wando kafin ya fara. Ya rataye rigar waje a kan shinge in jiki ya ɗauki zafi, tun gumi bai jiƙa ta ciki ba. Da ya gama, ya mayar da ita nan take. Lokacin hutawa ne sanyi yake kama mutum, ba lokacin aiki ba. Auduga tana shan ruwa, tana daɗewa ba ta bushe ba. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan yi laima. Wasu suna sa leda a jiki don tare iska. Leda tana tare iska, amma tana tara gumi. Kada a sa ta a kan fata.

Jarirai da masu rauni

Babba in ya ji ɗari zai yi magana, zai yi rawar ɗari, zai matsa kusa da wuta. Jariri ba ya iya ko ɗaya. Jikinsa ƙarami ne, yana saurin hucewa, kamar kunu a ludayi. Kansa kuma babba ne in aka gwada da jikinsa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na fatarsa duka. Saboda haka hula wajibi ce gare shi. Ta zauna daidai kai, ba mai zamowa ta rufe hanci ba, ba mai barin zane a goshi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Ta ce a goge shi a bushe da zarar an haife shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a jinkirta wankan fari har awa 24. Na san wannan ya saɓa wa abin da muka gada. Amma ungozoma da kakanni su duba: wanka ba ya gudu, sanyi kuwa yana kisa.

Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, a ƙara wa jariri riga ɗaya ko biyu bisa abin da babba ya sa. Kada a ɗaure shi tam kamar damin kara. Ƙirji yana bukatar sarari don numfashi, ƙafafu suna bukatar lanƙwasawa don ƙashin ƙugu ya zauna daidai. Kada a rufe fuska. In ya yi fitsari, a canza zane nan da nan. Yawan lulluɓi ma illa ne: in wuyansa ya jiƙe da gumi, a rage.

Uwa tana iya aunawa da bayan hannunta. Ta taɓa cikinsa, ta taɓa tafin ƙafarsa. In duka biyu da ɗumi, lafiya. In ciki da ɗumi, ƙafa da sanyi, sanyi ya fara kama shi. In duka biyu da sanyi, ko ya ƙi nono, akwai haɗari. Ta sa shi a ƙirjinta, fata da fata, a tafi gidan likita.

Wannan dabara ta fata da fata, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta a asibiti, a shekarar 1978, saboda ƙarancin kwalabar bakwaini. Ana kiranta goyon kangaru, da sunan wata dabbar Ostareliya mai goyon ɗanta cikin aljihun cikinta. Jariri yana sanye da hula da ƙyalle kawai, a tsaye tsakanin nonon uwa, an juya kansa gefe, an ɗaure da zane, uwa ta rufa da rigarta. Matanmu gwanayen goyo ne tun fil'azal. Bambancin kawai, wannan goyon gaba ne. Ga bakwaini, da duk wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, babu rigar da ta kai ƙirjin uwarsa. Uba ma yana iya karɓa in ta gaji.

A kula kuma da yaro mai tamowa, don ba shi da kitsen da zai tsare shi. A kula da tsofaffi, don sanyi yakan kama su ba su ankara ba. A kula da mai amosanin jini, wanda ake kira sikila, don sanyi yana tayar masa da ciwon ƙashi. Shi kam matsattsiyar safa da jiƙaƙƙen wando ba nasa ba ne ko kaɗan.

Riga ba ta maganin ciwon haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi. In yaro yana tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, yana kwance shiru. Ɗan ƙasa da wata biyu, sau 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, sau 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, sau 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kada a tsaya ƙara masa bargo. A kai shi likita ranar.

Riga da wuta

Wanda rigarsa ba ta tsare masa zafi ba, wuta yake matsawa. Nan ma girman riga yana da magana. Hannun da yake reto, da bakin mayafi, su suke fara kamawa. Yawancin rigunan gwanjo masu sheƙi na roba ne. In wuta ta taɓa su narkewa suke yi, su manne a fata. Yaro mai irin wannan riga kada ya zauna bakin murhu. In riga ta kama, kada a yi gudu. A faɗi ƙasa a yi birgima, a danne wutar da bargo, sa'an nan a zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar har wajen minti 20.

Kaskon gawayi kuma kada ya kwana cikin rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.

A wajen ɗan gwanjo

Kada ka sayi rigar sanyi da ido. Sa ta a kan rigar da kake sanye da ita. Rufe maɓalli duka. Ɗaga hannu sama, kamar mai jan guga. Sunkuya, kamar mai cirar dankali. In ta ja ka a hamata, ko ta bar bayanka a waje, ta yi kaɗan. Tura tafin hannunka tsakaninta da ƙirji. In ya shiga a shimfiɗe, ta yi daidai. In dunƙulallen hannu biyu sun shiga suna yawo, ta yi yawa, sai in za ka kai wa tela. Ta yaro, a ƙara ɗan girma don baɗi, amma wuya da bakin hannu su zauna bana. A wanke ta da sabulu, a shanya a rana kafin a sa.

Bayan mako biyu na sake bi ta ajin nan. Saurayin ya ba ƙanensa matsattsiyar rigar, ta yi wa yaron daidai. Shi kuma ya sa taguwa biyu. Dattijo yana nan da babbar rigarsa, amma ya sa wata a ciki, ya ci ɗamara da tsohon rawani. Da na gaishe shi, sai ya ce: "Malam, yadin nan dai goma ne, ban rage ko kamu ɗaya ba." Na ce: "Haka ne, Baba." Muka buɗe littafi, muka shiga darasin lissafi.